ASHE INUWA MA SAI MUN JE KANO MUN SAYA?

'Yan'uwana talakawan ƙasar Gumel, ku ba ni aron hankalinku. Bayan sallar da ta wuce na ɗauki jikokina biyu daga Gagarawa Tasha muka tafi Kano, domin sun daɗe suna damuna sai sun ga zaki da jimina. Muka biya kuɗin ƙofa muka shiga Gidan Zu, watau lambun nan na dabbobi da itatuwa wanda Gwamna Audu Bako ya gina, aka buɗe shi a 1972. Da rana ta take muka zauna muna hutawa, sai ƙaramin ya ɗaga kai ya dubi rassa, ya ce, "Kaka, wannan dajin na wane ne?" Yaro ɗan ƙauye, ɗan manomi, jikan manomi, bai taɓa ganin manyan itatuwa da yawa wuri guda ba sai da ya shigo tsakiyar birni! Wallahi kunya ta hana ni amsa masa.

Kada wani ya ce ina sukar lambun. Ko kusa. Wanda ya gina shi ya yi aikin kirki, kuma da kuɗinmu aka yi, gama a lokacin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar duk cikin Jihar Kano su ke, ba a yanke Jigawa ba sai a 1991. Har ma da gwamnatin Kano ta ce a 2020 za ta kwashe dabbobin zuwa Tiga, mutanen birni suka yi ca, domin sun san abin da kan sami fili a Kano in ya faɗa hannun masu awon kanti. Sun kyauta. Tambayata ita ce, mu da mu ke bakin hamada, wa ya yi mana ca?

Dattawa su zama shaida. Sa'ad da jirgin ƙasa na Nguru ya fara ratsa garin nan wajen 1930, gonakinmu cike su ke da gawo da kuka da tsamiya da kanya da aduwa da marke da kurna. Gawo kuwa ba itacen banza ba ne. Da damina ya kan zubar da ganye, ya bar gero ya sha rana, ƙasar gindinsa ta yi ƙarfi. Da rani ya yi kore, ya ba dabba 'ya'ya da inuwa. Turawa suka zo da ciniki, aka ce a yi gyaɗa a biya haraji, aka share daji aka yi gyaɗa, jirgi ya kwashe, aka gina dala da ita a Kano. Gyaɗa ta tafi, dalar ta tafi, tashar da garinmu ya ci sunanta ta yi shiru. Abin da aka bar mana shi ne rairayi. Sa'an nan ga fari na 1973, ga na 1984, ga motocin itace da buhunan gawayi suna ɗiba dare da rana.

To, ina manyanmu? Suna nan, ba su ɓace ba. Kowace damina a kan kafa rumfa, a zo da makaɗa, babban mutum ya durƙusa da farar riga ya dasa darbejiya ɗaya, a zuba mata ruwa da buta, a ɗauki hoto, a tafa. Motoci na tashi akuya ta zo ta yi nata bikin. Baɗi a dawo, wani lokaci ma a rami guda. An ce mana ana gina wani ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, shugabannin Afirka sun amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Jigawa kuma tana cikin jihohi 11 da aka lissafa. Madalla. Amma kullum sai mu ji an ce "an raba dashe kaza." Rabawa daban, rayuwa daban. A fito a gaya mana nawa ne suka kai shekara uku a raye, in ana da gaskiya.

Waɗannan manya kuwa su ne masu zuwa Ingila hutu, su dawo suna ba mu labarin lambun Kew na London, wai furanni kamar aljannar duniya. Furanni kaɗai suka gani. Turawa ba don shaƙatawa kawai suka riƙe lambun nan tun 1759 ba. A 1876 an kwaso irin roba wajen 70,000 daga Brazil aka kai Kew, aka rena wanda ya tsiro, aka aika da shi Silon da Malaya, ya zama dukiyar da ta ciyar da daular Ingila. A Legas ma sun kafa irin wannan lambu a 1887 don gwajin itatuwan kuɗi. Watau Bature ya san lambu makaranta ce, kuma rumbun iri ne. Namu ya je, ya ci biskit a kan ciyawa, ya komo da hoto.

In London ta yi nisa, ai Nijar ba ta yi ba. Duk wanda ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya tambayi baƙinmu na Damagaram da Maraɗi. Tun wajen 1983 manoman Maraɗi suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi mai ƙarfi su sassabe sauran, su kiyaye shi. Babu rumfa, babu makaɗa. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. Me ya sa nasu ya yiwu? Domin hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Mu kuwa tun zamanin En'e mun san malamin daji: itace a gonarka, in ka sare reshe a ci ka tara.

Yau ma gonar kanta ba tabbas. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Da ita aka ware hekta 12,000 a wannan yanki namu don kamfanin Lee ya noma rake, har a 2017 kukan manoman Gagarawa ya cika jaridu. Masu goyon bayan abin sun ce za a sami aiki da sukari. Mun ji. Amma ku gaya mini, wane mai hankali ne zai dasa tsamiya, wadda sai ta shekara da shekaru kafin ta yi 'ya'ya, a gonar da bai san ko baɗi tasa ce ba?

Na san abin da 'yan koren gwamnati za su ce. Za su ce talaka ne ke sare itace. I, shi ne. Da me ku ke so matarsa ta dafa tuwo? Da kananzir ɗin da ya fi ƙarfinsa, ko da gas ɗin da ko ma'aikaci sai ya yi lissafi? Shi wanda ya ke sarewa da gatari ana kama shi, mai tirelar da ke kai gawayi birni ana ɗaga masa hannu a shinge. Kowa ya san dalili.

Ba mu roƙi zaki ba, ba mu roƙi giwa ba. Ga fili nan birjik a gefen tasha. A yanka eka ashirin, a kewaye, a haƙa rijiyar burtsatse, a ɗauki masu gadi daga cikin 'yan gari a riƙa biyansu kan kari. A dasa kowane irin itace na ƙasar Gumel, a rubuta sunansa da boko da ajami, da amfaninsa ga mutum da dabba, tun dattawan da suka san magani ba su ƙare ba. A rena dashe a ba manomi, a ba shi takarda cewa abin da ya rena nasa ne da magadansa. Kuɗin wannan duka bai kai na mota guda daga cikin jerin da ke rako babban mutum bikin dashe ba. Wakilanmu na majalisar Dutse, ga shafin nan a buɗe, wanda ke da amsa ya aiko, za mu buga ta mako mai zuwa ba tare da mun rage ko harafi ba.