Damfarar Kayan Intanet: Bai Kamata Asara Ta Tsaya Kan Mai Saye Shi Kaɗai Ba

A 'yan shekarun nan wani kaso mai tsoka na albashin ma'aikaci yana tafiya ne wajen sayen abubuwan da hannu ba ya taɓawa. Akwai data da katin waya, akwai lambobi 20 da ake zuba wa mitar wuta, akwai kuɗin kallon tashoshin tauraron ɗan'adam, akwai lambar rajistar JAMB da ta duba sakamakon WAEC ko NECO na yara, har da lasisin manhajar kwamfuta da kuɗin wasannin waya. Duk waɗannan kaya ne na halal, kuma sayensu ta intanet ya rage wa jama'a wahalar bin layi. Sai dai wannan sauƙin ne 'yan damfara suka mayar gonarsu, domin kayan da ba a gani ba su da shago, ba su da ɗan aike, ba su da shaidar da ke tsaye a wurin ciniki.

Salon damfarar sananne ne. Ana buɗe shafi a Facebook ko Instagram, ko a kafa zaure a WhatsApp ko Telegram, a tallata data ko lambar jarrabawa a ƙasa da farashin kasuwa. Mai saye zai tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, ya aika da rasit, daga nan a toshe lambarsa, ko kuma a turo masa lambar da aka riga aka yi amfani da ita. Ga ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa Naira 70,000 ne bisa dokar 2024, asarar Naira 15,000 a tsakiyar wata na nufin kwana cikin duhu ko yaro ya rasa rajista. Da yawa daga waɗanda abin ya shafa sukan haɗiye takaicinsu saboda kunya, musamman masu muƙami da ke gudun a ce an yi musu wayo. Wannan shirun shi ne babban jarin ɗan damfara.

Wanda ya daure ya je banki kuwa, amsar da zai samu ta danganta ne da hanyar da ya bi ya biya. Idan da kati ya biya ta shafin ɗan kasuwa, yana da madogara. Kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin da ke bai wa mai kati damar ƙalubalantar ciniki idan bai karɓi abin da ya saya ba, galibi cikin kwana 120. Bankinsa zai shigar da ƙorafin, bankin ɗan kasuwa zai nemi hujjar cewa an miƙa kayan, idan hujja ta gagara a dawo da kuɗin. Haka kuma tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umarci bankuna su warware taƙaddamar cinikin POS da na intanet da ya samu tangarɗa cikin awa 72.

Matsalar ita ce mafi yawan irin wannan ciniki a Najeriya ba da kati ake yin sa ba. Ana yin sa ne ta tura kuɗi kai-tsaye daga asusu zuwa asusu, bisa tsarin nan-take da kamfanin NIBSS ya ƙaddamar a 2011. Wannan tsari abin alfahari ne, domin ya riga na ƙasashe da dama masu ƙarfin tattalin arziki. Amma an gina shi ne a kan cewa kuɗin da ya fita ya fita. Tun da mai asusu da kansa ya danna lambar sirrinsa, banki yakan ɗauki cewa ya cika aikinsa, ko da kuwa yaudara ce ta sa aka danna. Abin da ya rage shi ne bankinsa ya tuntuɓi bankin da ya karɓi kuɗin, a nemi a riƙe su. Idan an yi sa'a kuɗin na nan, sau da yawa sai a buƙaci takardar 'yan sanda da umarnin kotu kafin a saki. Kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu sukan ninka abin da aka sace, don haka mai hankali yakan haƙura. Ɗan damfara ya san da wannan lissafi, shi ya sa ya gwammace ya ƙwaci kaɗan-kaɗan daga mutane masu yawa.

Ba za a ce babu dokoki ba. A 2015 CBN ya umarci bankuna su kafa teburin karɓar rahoton zamba. A 2019 ya fitar da ƙa'idojin kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna, waɗanda suka wajabta karɓar ƙorafi da bayar da lambar bibiya. Akwai lambar BVN da aka fara a 2014, tare da kundin sanya ido da ake shigar da waɗanda aka samu da zamba. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, akwai hukumar EFCC, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da dokar 2018 ta kafa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne amsa bayyananna ga tambaya guda: idan aka yaudari mutum ya tura kuɗinsa, wa zai ɗauki asarar? A aikace amsar ita ce mai saye, shi kaɗai.

Wannan ba adalci ba ne, domin kowace damfara tana da ƙofa biyu. Kuɗin da ya fita daga asusun wanda aka cuta, wani asusun ya shiga, kuma wata cibiyar kuɗi ce ta buɗe shi bayan ta yi iƙirarin ta tantance mai shi. CBN da kansa ya nuna ya san inda ɓarakar take. A Disamban 2023 ya wajabta haɗa ƙananan asusu da BVN ko NIN, sannan a Afrilun 2024 ya dakatar da wasu manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na ɗan lokaci, har sai sun gyara yadda suke tantance mutane. Cibiyar da ke ganin sabon asusu yana karɓar kuɗi daga mutane barkatai a yini guda, ana kwashewa cikin mintuna, ta fi mai saye damar gane cewa akwai lauje cikin naɗi. Matuƙar ba ta asarar ko kwabo idan abin ya faru, babu abin da zai tilasta mata kashe kuɗi wajen toshe ƙofar.

Birtaniya ta fuskanci irin wannan matsala, ta kuma yanke shawara. Daga 7 ga Oktoban 2024, dole ne bankuna da kamfanonin biyan kuɗi na ƙasar su mayar wa wanda aka yaudara kuɗinsa har zuwa fam 85,000, galibi cikin ranakun aiki biyar, kuma cibiyar da ta tura da wadda ta karɓa su raba nauyin biyu daidai. An keɓe wanda ya yi mummunan sakaci ko ya haɗa baki. Ba lalle ne Najeriya ta kwafi adadin ba, amma tushen tsarin ya dace da halin da ake ciki a nan: wanda ke da ikon hana ɓarna ya ɗanɗani raɗaɗinta.

Bankuna za su ce hakan zai buɗe ƙofar ƙarya, inda mutum zai karɓi data ya cinye sannan ya ce bai gani ba. Wannan damuwa tana da tushe, kuma akwai dubban matasa masu sayar da data da katin waya bisa gaskiya da bai kamata a riƙa rufe musu asusu a kan zargi kawai ba. Sai dai kayan intanet sun fi kayan kasuwa barin sawu. Kamfanin sadarwa ya san ko data ta shiga layi, kamfanin wuta ya san mitar da aka sayi lamba dominta, hukumar jarrabawa ta san wanda ya yi amfani da kowace lamba da ta fitar. Abin da ake buƙata shi ne hanyar da banki zai tambayi waɗannan cibiyoyi ya samu amsa cikin kwanaki. Wanda kuma aka kama da ƙorafin ƙarya, kundin BVN na nan yana jiransa.

Saboda haka wajibi ne CBN ya tsayar da ƙa'ida mai ƙarfin doka da za ta tilasta riƙe kuɗin da ake taƙaddama a kai da zarar rahoto ya iso, dare ko rana, har da ranakun hutu. A ƙayyade adadin da banki zai iya mayarwa bayan bincikensa ba tare da jiran kotu ba, tare da bai wa wanda ake zargi damar kare kansa. A ɗora wa cibiyar da ta karɓi kuɗin kaso na asarar idan ta gaza nuna cewa ta tantance mai asusun. A kuma riƙa wallafa yawan ƙorafe-ƙorafen da kowace cibiya ta samu da yawan waɗanda ta warware, domin jama'a su san inda za su ajiye albashinsu. Mataimakan 'yan majalisa da jami'an ma'aikatu da ke tsara takardun da shugabanni ke sa wa hannu suna da rawar takawa a nan, musamman a kwamitocin harkokin banki na majalisun biyu.

Kafin a kai ga haka, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas alama ce ta haɗari, kuma lambar jarrabawa ko ta wuta an fi samun kwanciyar hankali idan an saye ta a manhajar banki ko wurin dillalin da hukumar ta amince da shi. Inda akwai zaɓi, biya da kati a shafin da aka sani ya fi tura kuɗi ga sunan wani mutum. Idan kuma ƙaddara ta faɗa, awannin farko su ne komai. A kira banki nan take, a biyo da ƙorafi a rubuce, a karɓi lambar bibiya. A adana rasit mai ɗauke da lambar shaidar cinikin, da hoton tallar da na hirar da aka yi, kafin a goge su. A sanar da cibiyar da ta karɓi kuɗin, a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Idan banki bai warware ba cikin wa'adin da aka tanada, wanda galibi mako biyu ne, a ɗaukaka batun zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN. A kuma yi hattara da masu zuwa daga baya da alƙawarin ƙwato kuɗin idan an ba su wani abu, domin zagaye na biyu ne na damfarar.

Gwamnati ce ta ja ra'ayin 'yan ƙasa zuwa rage amfani da takardun kuɗi, kuma ƙarancin Naira na farkon 2023 ya tura har waɗanda ba su shirya ba. Wanda ya kira jama'a zuwa sabuwar kasuwa, shi ke da alhakin samar mata da mai gadi da alƙali. Ma'aikacin da ya amsa wannan kira ya cancanci tabbacin cewa idan aka cuce shi akwai inda zai kai kuka a saurare shi, ko da abin da aka ƙwace masa kuɗin data ne na wata guda.