Kabiru Alhassan Rurum da Makomar Masarautar Rano

Duk wanda ke bin siyasar kudancin Kano a shekarun nan ya san sunan Alhaji Kabiru Alhassan Rurum, ɗan asalin garin Rurum da ke ƙaramar hukumar Rano. Tarihin siyasarsa ya haɗu da tarihin Masarautar Rano ta yadda da wuya a yi maganar ɗaya a bar ɗaya, kuma akwai darasi a cikinsa ga manoman Kahu da sauran mazaɓun Kibiya, Rano da Bunkure.

Rurum ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Kano a shekarar 2011 yana wakiltar Rano, kuma ya zama Kakakin Majalisar a 2015. A watan Yulin 2017 ya ajiye muƙamin ana tsakiyar taƙaddama kan binciken da majalisar ta fara yi wa Masarautar Kano, Yusuf Abdullahi Ata ya gaje shi. Shekara guda bayan haka 'yan majalisar suka tsige Ata, suka mayar da Rurum kan kujerar.

A wannan zango na biyu ne, cikin watan Mayun 2019, majalisar ta amince da dokar kafa sababbin masarautu huɗu, wato Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa mata hannu. Rano, wadda tana cikin Hausa Bakwai, ta samu sarki mai daraja ta ɗaya da ƙananan hukumomi 10 a ƙarƙashinsa, ciki har da Kibiya. Jama'ar yankin da dama sun yi murna, domin a ganinsu fada ta matso kusa da talaka. Wasu kuwa sun ɗauki matakin a matsayin rage wa Sarki Muhammadu Sanusi II ƙarfi.

Sai dai ginin bai zauna ba. Babbar Kotun Jiha ta soke dokar a watan Nuwamban 2019, aka sake yin wata a Disamba. A ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar ta rushe masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rattaba hannu. A watan Yulin shekarar aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, mai ƙananan hukumomi uku: Rano, Kibiya da Bunkure.

Shi kuwa Rurum, ya wuce Majalisar Wakilai ta Tarayya a 2019 a tutar APC, ya koma NNPP a 2022 ya sake lashe kujerar a 2023, sannan ya dawo APC a 2025. Cin zaɓe sau biyu a jam'iyyu daban-daban na nuna cewa masu jefa ƙuri'a a wannan mazaɓa sun fi duba mutum fiye da alamar jam'iyya. Wannan kuwa nauyi ne a kan wakili, domin ba shi da inda zai fake idan aka zo hisabi.

Abin lura a nan shi ne, abin da rinjayen majalisa ya kafa cikin kwanaki, wani rinjayen na iya rushe shi cikin kwanaki. Dam ɗin Tiga da gwamnatin Audu Baƙo ta gina a shekarun 1970 ya ga gwamnatoci masu yawa sun zo sun wuce, kuma har yau manoman rani na cin moriyarsa. Saboda haka, yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, ya kamata dagatai, masu unguwanni, kansiloli da ƙungiyoyin manoma su tambayi kowane mai neman ƙuri'a, tsoho ko sabo, wace hanya, wane asibiti da wace makaranta ya bari a mazaɓarsu. Allah Ya yi mana jagora.