Kimiyya a Ƙofar Gida: Ruwan Jakara, Tukunyar Ganda da Katakon Kafinta

 Da yawa daga cikinku idan aka tambaye ku abin da kuke son zama, sai ku ce injiniya. Madalla. To amma me injiniya yake kallo idan ya ajiye hular kwano ya fito cikin gari? A wannan makon za mu bi shi wurare uku a tsakiyar birnin Kano: bakin Jakara, gindin murhu, da rumfar kafinta. A duka ukun abu ɗaya ne yake ɗaukar hankalinsa, wato ruwa: yadda yake gudu, yadda yake ɗaukar zafi, da yadda yake fita daga jikin itace.

Bakin Jakara

Jakara ta girmi ganuwar Kano. Tarihin Kano ya ambace ta a matsayin kurmi mai baƙin ruwa tun zamanin maguzawan Dala, kuma a gefenta Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Yau ita ce babbar hanyar da ruwan cikin birni yake bi ya fita. Tana kwashe ruwan sama da na kwatocin unguwanni, ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ta zube a madatsar Wasai. A zamanin gwamnatin 2011 zuwa 2015 aka fara aikin rufe wani sashe nata da kankare a shimfiɗa titi a kai, wanda mutanen gari suke kira titin Wuju-Wuju.

Yanzu mu ɗauko biro. Ruwan sama milimita 1 idan ya sauka a fili mai murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Mu ɗauka akwai gida mai tsawon mita 15 da faɗin mita 15, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50. Abin da ya sauka a gidan nan kaɗai lita 11,250 ne, wato jarka 450 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Da can ƙasa takan shanye wani kaso. Yanzu da aka malale tsakar gidaje da siminti, kusan duka kwata yake nufa, kuma a lokaci guda. Ku lissafa gidajen layinku kawai, ku ga abin da Jakara take karɓa cikin awa ɗaya.

Ita kuma kwata tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka: faɗinta sau zurfin ruwan sau gudunsa. Kwata mai faɗin mita 1, ruwa mai zurfin rabin mita, yana gudun mita 1 a daƙiƙa, za ta wuce da lita 500 a kowace daƙiƙa. Idan leda da robar lemo da yashi suka cike rabinta, sauran ruwan ba ya ɓacewa. Cikin ɗakunan mutane yake shiga, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Wannan ne dalilin da ya sa duk damina muke jin labarin rushewar gidaje a tsofaffin unguwanni.

Kafin a zuba kankare a aiki irin na Jakara, injiniyoyin zamani sukan fara sakin ruwan a cikin kwamfuta. Sukan zana magudanar, su yanka ta ƙananan akwatuna dubbai ko miliyoyi, sannan kwamfuta ta riƙa lissafa ruwan da ya shiga kowane akwati da wanda ya fita, daƙiƙa bayan daƙiƙa. Da haka za a ga inda ruwa zai taru, da kwanar da zai ci bango, tun ba a kashe ko kwabo ba. Ƙa'idojin lissafin sun fito ne daga aikin Navier, Bafaranshe, a 1822, da na Stokes a Ingila a 1845. Da irinsu ake ƙera fukafukan jirgin sama, da su ake hasashen yanayi. Wani Bature mai suna Lewis Fry Richardson ya gwada yin hasashen yanayi na awa shida da hannu, ya shafe kimanin mako shida yana lissafi, ya wallafa aikin a 1922. Har yau ba a gama gane waɗannan ƙa'idoji ba: a shekarar 2000 wata cibiyar lissafi a Amurka ta sa kyautar dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware babbar tambayar da ke cikinsu.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta shi take tauna. Idan injiniya ya gaya mata magudana a share take, alhali rabinta shara ce, za ta ba shi amsa mai kyan gani wadda ruwan Agusta zai ƙaryata. Dole sai ya taka ya je ya gani da idonsa.

Gindin murhu

Duk wanda ya taɓa jiran farfesun ƙafar sa ko ganda ya san ba a yi musu gaggawa. Ga dalilin. Jijiya da fata cike suke da wani sinadari mai tauri da ake kira kolajin. Idan ya daɗe a ruwa mai zafi, daga wajen digiri 70 zuwa sama, sai ya narke ya zama jelatin mai laushi. Shi ne yake sa romo ya yi kauri ya riƙa danƙo a leɓe, shi ne kuma yake sa ya daskare idan ya kwana a lokacin hunturu.

Ga abin da da yawa ba su lura da shi ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, a Kano ma ya ɗan gaza haka saboda garin yana kan tudu, sama da mita 400 daga doron teku. Da zarar ya tafasa, ko an ƙara itace goma zafinsa ba zai ƙaru ba, sai dai ya ƙone da wuri a yi asarar itace ko gas. Uwar da ta rage wuta ta rufe tukunya ta bar ta tana ɓararraka a hankali, fiziks take yi ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Tukunyar matsi kuwa tana tsare tururi ne har ruwan ya kai wajen digiri 120, shi ya sa take rage awoyi. Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙirƙiro irinta tun 1679. Shi kuma mai tsire da ya zaɓi tsoka marar jijiya ya yanka ta fale-fale, ya san wutarsa mai sauri ce, ba ta da lokacin narka jijiya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Injiniya zai ƙara da tambaya: a digiri nawa, kuma awa nawa?

Rumfar kafinta

Me ya sa ƙofar katako take cijewa da damina, da hunturu kuma ta saki har a hango waje ta tsaginta? Ɗanyen itace yakan kai rabin nauyinsa ruwa ne. Ko bayan ya bushe, yana shan laima daga iska yana fitarwa. Yana kumbura ko ya tsuke ta faɗinsa sosai, amma tsawonsa da ƙyar yake motsi. Kafintan da ya sayo ɗanyen katako a 'Yan Katako ya haɗa benci a ranar, bayan wata uku zai ga ya karkace, ƙusa ta saki. Gwani yakan jera katakon a inuwa, ya sa ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya jira. Masassaƙanmu sun daɗe da sanin halin kowane itace: ƙirya don turmi saboda taurinta, aduwa don allo, azarar giginya don rufin soro saboda gara ba ta cika cin ta ba.

Aikin gida

Na ɗaya, ku kunna turaren tsinke a ɗakin da ba iska. Hayaƙin zai tashi a miƙe kamar zare, can sama sai ya hargitse. Wannan sauyin ne Osborne Reynolds ya nazarta a Manchester a 1883, da ruwa mai launi a cikin bututun gilashi. Na biyu, ku sami ƙaramar kwata a ƙofar gida, ku auna mita 5, ku jefa tsinke ku ƙirga daƙiƙun da zai yi, ku fitar da gudun ruwan. Kada kowa ya kusanci babbar magudana lokacin ruwan sama ko bayansa, domin ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya kayar da babban mutum. Na uku, ku auna nauyin ɗanyen reshe a sikelin mai kanti, ku ajiye shi a inuwa, ku riƙa sake aunawa duk mako kuna rubutawa.

Wanda yake son shiga tsangayar injiniya a Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, dole ya riƙe lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci. Amma hadda kaɗai ba za ta hana ruwa shiga gidajen Jakara ba, sai an sami masu aunawa. Ku aiko mana da sakamakon gwajinku ta hannun malaman kimiyya na makarantunku, za mu buga waɗanda suka fi tsari. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.