Ɗan ramin da ke ladabtar da haidurolik, da inda bai kamata a sa shi ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tarakta lokacin da direba ya taɓa liba, tirela mai juye ta faɗo kan shasinta da ƙara, ko fiffiken haro ya fizgo kamar an harba shi, ya san ba rashin ƙarfi ne kaɗai ciwon haidurolik ba. Yawan sauri ma ciwo ne, yana tsinka walda, yana lanƙwasa fil, yana iya cire yatsun yaron mota. Maganin da kanikawa suka fi sani shi ne matsattsen mahaɗi: ƙarfe ne kamar sauran mahaɗan tiyo, sai dai ramin da mai ke bi a cikinsa bai wuce milimita ɗaya ko ɗaya da rabi ba. Ra'ayina shi ne wannan ɗan ƙarfe magani ne na gaskiya, bai cancanci rainin da wasu ke yi masa ba, amma yana da iyaka guda, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora masa daga tsallake iyakar take zuwa.

Sai an yi lissafi ake ganin tushen matsalar. A ɗauki ƙaramar silinda mai faɗin santimita 5 da tafiyar santimita 20: abin da take ɗauka bai kai rabin lita ba, kusan lita 0.4 ne. Idan famfon tarakta yana turo lita 40 a minti ɗaya, silindar za ta miƙe gaba ɗaya cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Babu hannun da zai iya saita kusurwar garma a wannan ɗan lokaci. In aka matse hanya har lita 4 kawai ke wucewa a minti, tafiyar ta koma daƙiƙa shida, direba yana gani yana tsayarwa inda ya ga dama. Abin lura kuma, man da ke ratsa rami yana bin girman filin ramin ne, don haka in aka rage faɗinsa da rabi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na man ne zai wuce. Shi ya sa bakaniken da ya san aiki yake farawa da ƙaramin rami ya gwada, in ya yi jinkiri ya ɗan buɗa shi, domin ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa.

Suka ta farko da ake yi ita ce matse hanya yana rage wa tarakta ƙarfi. Wannan kuskure ne. Ƙarfin ɗagawa daga matsin mai yake zuwa, sauri kuwa daga yawan man da ke kwarara. Silindar da ke bayan matsattsen rami za ta ɗaga nauyin da take ɗagawa da can, a hankali dai. Wannan ma gargaɗi ne: wanda ya sa ramin don kada silinda ta lanƙwasa siririn ƙarfe ya yaudari kansa, za ta lanƙwasa shi cikin natsuwa. Wasu kuma su ce ai sai a sassauta totur, ko direba ya koyi taɓa liba sannu sannu. Sassauta totur yana rage mai, gaskiya ne, amma injin da ke jan haro a ƙasa mai tauri ba ya yarda a sassauta masa. Dogaro da hannun direba kuwa, a wurin da tarakta ɗaya ta haya take zagaya gonaki goma a farkon damina, direbobi suna canji dare da rana, dogaro ne da sa'a.

Sukar da ke da nauyi ita ce ta zafi, kuma a nan ne iyakar take. Yawancin tsofaffi da ƙananan taraktoci famfonsu ba ya sanin ana buƙatar mai ko ba a buƙata; muddin injin na juyawa a sauri ɗaya, adadi ɗaya yake turowa. In an bar lita 4 ta wuce, sauran 36 ba su ɓace ba, ta bawul ɗin kariya suke komawa tanki a matsi mafi girma. A matsin bar 180, wannan ya kai kusan kilowat 11 da ke zama zafi zalla, kamar a tsoma hita goma sha ɗaya a cikin mai. Na daƙiƙa shida, a tanki mai lita 40, zafin da zai ƙaru bai wuce digiri ɗaya ba, ba abin damuwa ba ne. Amma in aka sa ramin a layin motar haidurolik da ke juya injin feshi ko na watsa taki awa bayan awa, lissafin ya koma kusan digiri goma a kowane minti, fiye da abin da jikin tarakta zai iya fitarwa. Man da ya haura digiri 80 ya fara tsinkewa, robobi su bushe su fara yoyo, famfo ya ci kansa. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iska kanta ke haura digiri 40, tazarar da ta rage kaɗan ce. Aiki mai ɗorewa irin wannan bawul mai raba mai yake so, wanda ke ba motar rabonta ya mayar da saura tanki ba tare da ya bi ta bawul ɗin kariya ba. Ya fi tsada, amma bai kai kuɗin famfo ba. Taraktocin da famfonsu ke rage turawa da kansa in buƙata ta ragu, irin tsarin da John Deere ya shigo da shi a 1960, ba su da wannan damuwa sosai. Shi ya sa tambayar farko kafin a kwance tiyo ita ce wane irin famfo ne a ciki.

Akwai kuma batun gefen da za a sa shi, wanda ake yawan yi da ka. Nauyin da ke saukowa da kansa, kamar tirela ko bokitin loda, a hanyar fitar mai ake riƙe shi. In aka matse hanyar shiga, nauyin zai riga mai gudu, silinda ta sha iska ta riƙa fizga. Mafi dacewa shi ne mahaɗi mai matsewa ta gefe ɗaya, wanda ke barin mai ya shiga a sake lokacin ɗagawa ya matse shi lokacin saukewa. Sai dai a silinda mai tiyo biyu, matse mafitar gefen sanda yana iya ninka matsin da ke wurin, domin filin wannan gefe ya fi ƙanƙanta. In sandar mai kauri ce har filin ya zama rabi, bar 180 na iya komawa kusan 360, tiyo mai araha ya fashe. Ga hannuwa ukun baya kuwa, waɗanda suka samo asali daga tsarin Harry Ferguson, galibi akwai maɓallin saita saurin sauka a kusa da kujera, shi ya kamata a fara murɗawa kafin a nemi sifana.

Saura ƙura. Rami na milimita ɗaya ɗan ɓarɓashin roba ko tsakuwa ya isa ya toshe shi, kuma mahaɗan baya da ake bari a buɗe lokacin hunturu su ne ƙofar shigarta. Silindar da ta tsaya cak bayan an sa matsattsen mahaɗi, kafin a zargi famfo, a sauke kayan ƙasa, a kashe inji, a kaɗa liba gaba da baya matsi ya fita, sannan a kwance mahaɗin a ɗaga shi sama a duba ko haske na ratsa ramin.