Martani: Ƙaddara Ba Ta Ɗauke Alhakin Sakaci

Marubucin da ya ce iyayen jaririn da hannunsa ya shanye wajen haihuwa su rungumi ƙaddara, su manta da neman diyya, ya tafka kuskure. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma bai taɓa wanke mai sakaci ba. Ibn Rushd, a Bidayatul Mujtahid, ya kawo cewa diyya takan wajaba idan likita ya yi kuskure a aikinsa. Raunin da ke shanye hannun jariri yakan auku ne idan kan jariri ya fito, kafaɗa ta maƙale bayan ƙashin mara. In aka ja kan da ƙarfi, jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu sukan miƙe ko su tsinke. Shi ya sa ake koya wa ungozoma ta lanƙwasa cinyoyin uwa zuwa cikinta, a danna saman mara.

Marubucin ya kuma ce kai ƙara zai kori ma'aikatan jinya daga ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunci. Gaskiya ne wani raunin yakan faru duk da ƙwarewa, kuma jarirai da yawa sukan warke cikin watanni. To, ai bincike ne ke rarrabewa, shi ke wanke mai gaskiya. Manomin da ya sayar da geronsa don kai ɗansa gashi Asibitin Ƙashi na Dala yana da haƙƙin sanin abin da ya faru. Majalisar kula da aikin likitoci ta Nijeriya tana karɓar koke. Iyaye, ku gaggauta kai jariri asibiti, ku nemi bayanan haihuwarsa, kada ku yi shiru.