Diddigen Safa Da Zare Mai Launi-Launi

Tun da sanyi ya ƙarato, masu saƙa sun ɗauko kibiyoyinsu, ni kuma tambayar da ta fi yawan zuwa mini ita ce: me ya sa safar zare mai launi-launi takan taho da kyau tun daga sama, amma da an zo diddige sai launin ya taru wuri guda, ta yi dabbare-dabbare?

Ba laifin hannunki ba ne, lissafi ne. An rina zaren ne gaɓa-gaɓa, kowane launi da tsawonsa. Muddin kowane zagaye yana cin zare daidai da na baya, launukan za su riƙa faɗawa bisa tsari ɗaya. To a ce kin ɗora ido 64. Kin saƙa bayan diddige a kan ido 32, layi 32, kin juya shi ya rage 18, sannan kin tsinci 16 a kowane gefe. Ki haɗa da 32 na saman ƙafa, kin ga sun zama 82. Zagayen ya yi faɗi, dole launi ya sauya mazauni, kuma ba zai koma yadda yake ba sai kin rage sun dawo 64.

Mafi sauƙin magani shi ne ki bar diddigen sai ƙarshe. Idan kin zo wurinsa, ki saƙa ido 32 da wani guntun zare daban, ki mayar da su kibiyar hagu, ki sake saƙa su da zarenki ki wuce har yatsu. Daga baya ki zare guntun, ki kwashe idanun da suka buɗe sama da ƙasa, ki saƙa diddigen kamar yadda kike rufe kan yatsu. Ni na fi son a yi shi da zare mai launi ɗaya. Ga wata riba kuma: ranar da yaro ya huda shi (kin dai san yaranmu da yawo da safa a tsakar gida), diddigen kaɗai za ki warware.

Sai dai irin wannan diddige yakan matse mai tudun ƙafa. Idan ta maigida ce kuma ƙafarsa haka take, ki yi na farkon, amma ki riƙa karɓa-karɓa da bakin zare biyu, na ciki da na wajen dunƙulen, kowane zagaye biyu. Wannan yakan warwatsa launin.

Wajen saye, ki duba takardar jikin zaren. Na safa na asali yawanci ulu ne kashi 75, nailan kashi 25, nailan ɗin ne ke hana diddige saurin cinyewa, kuma kibiya mai milimita 2.5 ta dace da shi. Kada ki manta ki fara ƙafa ta biyu daga launin da kika fara ta farko, in ba haka ba sai a ɗauka aron ɗaya aka yi.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.