Kafin Ta Fashe: Ina Naira 200 Ɗinka Ta Jiya Ta Shiga?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, bari in fara da tambayar da ta ba ni kunya a zangon karatun da ya wuce. Nawa ka kashe a satin jiya, kuma a kan me? In ka iya amsawa ba tare da ka sosa ƙeya ba, to ka fi ni. Ni dai ranar da wani abokina ya jefo min ita a ɗakin kwananmu na makaranta, shiru na yi. Kuɗin da aka turo min daga gida sun ƙare tun kafin wata ya raba, kuma wallahi ban iya nuna abu ɗaya da na saya ba.

Daga ranar na fara rubuta duk abin da ya fita daga aljihuna a cikin waya. Da wata ya cika na duba, sai na ga ashe abinci da handawut ba su ne suka cinye ni ba. Data ce, da kuɗin adaidaita zuwa inda ƙafa za ta iya kai ni, da ɗan lemo da nama na "ai yau ɗaya ce". Kowanne ƙarami ne, amma da suka haɗu sai suka tashi da kusan rabin kuɗina.

Yawancinmu mun ɗauka tsara kuɗi aikin masu kuɗi ne. Kullum maganar ɗaya ce: bari dai ta fashe tukuna. Ka tuna 2024? Bayan Notcoin ta biya wasu a watan Mayu, kowa ya dawo ɗan mainin. A aji, a majalisa, har a gidan biki, yatsu na kan Hamster Kombat. Da ranar 26 ga Satumba ta zo, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Kafin nan MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, sannan CBEX ta tafi da kuɗin jama'a a Afrilun 2025. Sunaye ne kawai suke canzawa. Tunanin da ke kai mu ciki ɗaya ne: akwai wata rana guda da za ta share mana hawaye gaba ɗaya, saboda haka abin da ke hannu yau bai isa a lissafa shi ba. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Na san abin da za ka ce: "Malam, me za a tara a wannan tsadar?" Gaskiyarka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda bai ci ya ƙoshi ba, babu mai ce masa ya yi tari, kuma ba laifinsa ba ne. Dole mu ci gaba da tambayar shugabanni haƙƙinmu. Amma kai da kake karanta wannan rubutu da datarka, mu faɗa wa juna gaskiya, akwai ɗan abin da ke zurarewa. Naira 200 a kullum, a shekara naira 73,000 ce. Ta haura mafi ƙarancin albashi na wata guda, wato naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne sabon da za ka yi. Wanda bai iya riƙe dubu goma ba, ranar da ya tafi bautar ƙasa aka fara ba shi alawus na naira 77,000, haka za ta bi ta hannunsa ta wuce. Mun ga yayyenmu masu albashi da ke cin bashi tun ranar goma ga wata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To ta ina za a fara? Ka rubuta kashe-kashenka na wata ɗaya cur, kada ka ɓoye wa kanka komai. Bayan nan, duk kuɗin da suka shigo, ka cire wani kaso tun a ranar, ko da kashi goma ne, kafin ka taɓa sauran. In ka ce sai abin da ya rage za ka ajiye, babu abin da zai rage. Ka sa shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba: asusun banki na daban wanda ba ka yawo da katinsa, ko adashi da mutanen da ka yarda da amanarsu, kamar yadda iyayenmu mata suka daɗe suna yi har su aurar da 'ya'ya.

Tarin farko na ranar ɓacin rana ne: waya ta lalace, zazzaɓi ya kama ka, ko tafiyar gaggawa ta taso. Da ya ɗan yi kauri, kada ka bar shi a kwance tsada ta cinye shi. Ka sa shi a abin da zai ƙara maka daraja, kamar koyon ɗinki, gyaran waya, haɗa bidiyo, ko jarin 'yar sana'a. Mai gudun kuɗin ruwa kuma akwai Sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, wanda ake iya shiga da naira 10,000. Duk wanda ya zo maka da alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ka fara tambayarsa ko yana da rajista da hukumar SEC, kuma daga ina ribar take fitowa. In ya hau kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Masu karɓar naira 20,000 ta NELFUND duk wata, ku tuna bashi ne. Babu ruwa a kansa, amma za a fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Bai dace ya tafi a anko da hotunan Instagram ba.

Wani zai ce arziki na Allah ne. Haka ne, babu ja. Manomi ma ya san ruwa na Allah ne, amma duk tsananin yunwar bazara ba ya dafa irin shukarsa. Yau da daddare, kafin ka buɗe TikTok, ka buɗe wurin rubutu a wayarka ka sa abin da ka kashe tun safe. Ni ma daga nan na fara.